Buhun Da Mushe Haruna Yake Yi Wa Sannu

A unguwar Sabon Gari ta Damagaram, in baƙo ya tambayi gidan Mushe Haruna, ba a wahalar da shi da dogon kwatance. Sai a ce ya tsaya bakin hanya da la'asar, in ya ga tumbi ya ɓullo daga lungu, ya ɗan jira kaɗan, mai shi yana tafe a baya.

Ba da tumbin aka haife shi ba. A garin Dogo ya tashi, yaro siriri, tsararrakinsa suna kiransa Sillen Kara. Ya yi lakwal, makarantar boko ke nan, ya zama malamin lakwal, wato mushe, aka kawo shi birni yana koyar da yara lissafi, wuyansa yana yawo a cikin riga. A majami'a ya ga Rifkatu cikin mawaƙa. Ita kuwa kallo ɗaya ta yi masa ta ce a ranta, wannan bawan Allah aiki ne babba. Aka ɗaura aure, ta kama aikin. Tuwon gero da miyar kuka mai man shanu, dambun zogale da ƙuli, fura mai kauri da rana, kan rago ran Lahadi bayan an taso daga sujada. Shekara bayan shekara ta gina tumbin nan yadda magini yake ɗora tubali, ba gaggawa, ba fashi. In matan zumunta suka ce mata, "Maman Albarka, Mushe ya yi kyau, ya yi ƙiba," sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Aikin Ubangiji ne." Amma duk wanda ya dubi gefen bakinta ya san ta riƙe rabin yabon.

Haka ake karanta magidanci a garin nan. In ya cika riga, gidansa lafiya, matarsa ta iya tukunya, hankalinsa a kwance. In aka ce ya rame, ba a faɗa da ƙarfi, domin rama ba ta zuwa ita kaɗai. Ko ciwo ne, ko baƙin ciki, ko wani abu yana cin mutum daga ciki.

Bayan Mushe ya ajiye alli, 'yarsu Albarka ta yi aure ta tafi Maraɗi, sai wata safiya hawan jini ya kayar da Rifkatu tana tankaɗe. Ɓarin jikinta na dama ya shanye. Baki ya dawo da wuri, Mushe ma ya ce dama ya san wannan ba zai daɗe a kwance ba, amma hannu da ƙafa suka ƙi. A asibiti likita ta dubi mai jinya sama da ƙasa, ta ce tunda ya kawo kansa, shi ma ya hau ma'auni. Allura ta tsaya a kan kilo tamanin da huɗu. Likita ta girgiza kai. Rifkatu daga kan gado, da bakinta a karkace, ta yi murmushi. Ta adana lambar nan a ranta kamar lambar yabo.

Ranar da aka sallamo su, Mushe ya ce zai ɗauke ta daga gado ya ɗora a kujera. Ya sunkuya, tumbi ya riga shi isa, hannuwansa suka kasa zagaye ta. Ya yunƙura duk da haka. Bayansa ya ce ƙas, gwiwa ta lanƙwashe, suka zube tare a kan tabarma, ita a ƙasa, zaninta ya yaye, shi a gefe yana nishi kamar an yanka sa. Sai da maƙwabta suka shigo suka ɗaga mai ciwo, sannan suka ɗaga mai jinya.

"Baban Albarka," in ji ta, bayan mutane sun watse, "ka yi mini alkawari ba za ka sake ɗaga ni ba."

"To."

"Ba 'to' na ce ba. Alkawari."

"Na yi alkawari," in ji shi, yana kallon tafin hannunsa. "Da wannan jikin, ba zan sake ba."

Ba ta kula da ƙarshen maganar ba. Tun daga ranar, maƙwabtanta biyu, Maryama da Ladi, su ke shigowa safe da yamma, ɗaya ta kama sama ɗaya ta kama ƙasa, su kai ta bayi, su yi mata wanka, su dawo da ita. Matan kirki ne, ba su taɓa ɓata fuska ba. Amma su ma suna da tukwanensu da yaransu, kuma jikin mutum ba ya jiran a sauke tuwon wani gida. Rifkatu ta koyi rage shan ruwa, a garin da rana take dafa ƙwai a kan dutse, don kada buƙata ta kama ta kafin su zo. Mushe yana gani. Yana zuba mata ruwa a kofi, ta ce ba ta jin ƙishi, shi kuma ya tsaya da kofin a hannu.

Da bayansa ya warke, wata safiya ta ga ya sa takalmin roba.

"Ina zuwa?"

"Likita ta ce in riƙa motsa jiki."

"A ina?"

"Wajen Mai Nasara."

Mai Nasara makanike ne, tsohon ɗalibin Mushe, wanda lissafi ya ƙi shi amma ƙarfe ya so shi. A bayan garajinsa akwai wata rumfa inda samarin fada, wato majalisar matasan unguwa, suke taruwa suna ɗaga sandunan da aka ciro daga ƙarƙashin matattun kamiyo, manyan motocin kaya, an liƙa musu gwangwanaye cike da siminti a kowane gefe.

"Wajen yaran nan masu tafiya kamar an sa musu kankana a hammata?" in ji Rifkatu. "Da furfurarka? Mutumin da ya yi shekaru yana ɗaga alli kawai?"

"Alli ma da nauyinsa," in ji Mushe, ya fita.

Ta ɗauka kwana biyu zai yi ya dawo da ciwon ƙugu. Ya dawo da ciwon kuwa, yana zama a kujera kamar mai tsoron ta cije shi, amma bai fasa ba. Damina ta zo ta wuce, aka yi kaka, aka shiga wata shekara, Mushe yana nan yana sa takalmin robansa.

Mazagi ne ya fara ba ta labari. Daga inda take zaune tana hango igiyar shanya, sai ta lura bakin mazagin wandonsa yana ƙara tsawo, har ya kai ana iya ɗaure akuya da abin da ya saura. Daga nan kumatu suka faɗa. Haɓa biyun da ta yi shekaru tana renonsu, ɗaya ta tafi ba sallama. Babbar rigarsa ta zuwa majami'a, wadda a da take tafiya gaba kamar tuta, ta koma tana zubowa ƙasa a miƙe. Ba ta iya ganin abin da ke cikin rigar ba, don Mushe mutum ne da ko a tsakar gidansa ba ya yawo ba riga, tun yana ango.

Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne cinsa. Ci yake kamar ɗan ƙodago a gona: wake, ƙwai, gyaɗa, nono ƙwarya guda, ya kuma tambaya ko akwai sauran kifi. Ta yi lissafinta, tunda matar malamin lissafi ce. Kowa ya san masu ɗaga ƙarfe kumbura suke yi, ga su nan suna wucewa ta ƙofar gida riga tana neman yagewa. Kowa ya san mai ci yana ƙiba. To mutumin da yake ɗaga ƙarfe, yake ci, kuma yake motsewa, me ya rage? Wani abu yana cin sa. Ta duba gidan kaf ba ta ga abin da zai ci shi ba sai ita.

Matan zumunta suka zo gaisuwa ran wata Lahadi. Suka yi waƙa, suka yi addu'a, da za su tafi babbarsu ta sunkuyo ta rage murya. "Maman Albarka, Mushe fa ya rame." Rifkatu ta ce ta gani. Ba wanda ya ce aikin Ubangiji ne.

Maryama ce ta ƙarasa ta. Suna cikin tsane mata jiki bayan wanka sai ta ce, "Ni kam akwai maganar da ta tsaya mini a wuya. Maigidanmu ya kai babur gyara wajen Mai Nasara, ya leƙa rumfar nan. Wallahi ya ce Mushe ya ɗan taɓa ƙarafan, sannan ya koma wajen wani buhu."

"Wane irin buhu?"

"Na yashi. An shimfiɗe shi a kan benci. Wai sai ya durƙusa, ya zura hannu ɗaya ta nan, ɗaya ta nan, ya rungume shi a ƙirji, ya miƙe, ya zagaya rumfa da shi, ya dawo ya kwantar da shi a hankali kamar ƙwai. Sannan ya ce masa, 'Sannu.'"

"Ya ce wa buhu sannu?"

"Har da gyara masa kwanciya. Kowane mako Mai Nasara yana ƙara masa kwanon yashi. Yaran ma sun raɗa wa buhun suna, Madam suke ce masa. In Mushe ya shigo sai su ce, 'Mushe, Madam tana jira.'"

Ladi ta ƙyalƙyale da dariya, ta ga fuskar Rifkatu, ta haɗiye sauran. Rifkatu kuwa ta gama yanke hukunci. Abin ya ci jiki, yanzu ya hau kai. Ta sa aka miƙo mata waya ta kira ƙanwarta Lidiya, wadda take aure a Tirmini, mijinta yana sayen gyaɗa. Ta ce ta zo ta ɗauke ta. A can akwai 'yan mata a gida, akwai hannuwa da yawa. Gara ta ƙarasa kwanakinta a ɗakin ƙanwa da ta zauna tana kallon mijinta yana narkewa.

Sai ta gaya wa Mushe.

"Ki ɗan ƙara mini haƙuri," in ji shi. "Buhun ya kusa cika."

Ta juya fuska bango ta yi kuka, don ta tabbata Maryama ba ta yi ƙari ba.

Lidiya ta iso da hantsi a motar gyaɗa, direba Kassim yana tuƙi, ma'aunin saye yana ɗaure a baya tare da buhunan wofi. Tsakaninta da Mushe akwai wasan ƙanwar mata, tun tana yarinya ba ta raga masa. Tana shigowa ta tsaya ta riƙe haɓa.

"Mijina! Wa ya sace ka ya bar mana riga?"

"Ina nan cikinta, Lidiya. Sannu da hanya."

"Kana ina? Yaya, ashe gaskiya kika faɗa. Wannan in iska ta taso sai mu je Dakusa mu tsinto shi."

"Ban rame ba," in ji Mushe.

"Ka rame," in ji Rifkatu daga kan gado. An riga an ɗaure kayanta a zani, Maryama da Ladi suna tsaye suna jiran a ce su kama. "Kilo tamanin da huɗu na bar ka. Da kunnena na ji. Yau in ka kai sittin, a canza mini suna."

Mushe ya leƙa ƙofar gida. "Kassim, don Allah sauko mana da ma'aunin nan."

Aka shigo da shi tsakar gida, aka ajiye daidai ƙofar ɗaki inda za ta iya gani. Mushe ya cire takalmi ya hau. Kassim ya tsuguna ya tura ƙarfen awo, ya dawo da shi, ya sake turawa, ya ɗago kai ya dubi Mushe, ya sake duban sandar.

"Tamanin da biyu."

"Ƙarya ne," in ji Rifkatu. "Ma'auninku ya lalace."

"Mama, na saye ne fa," in ji Kassim. "In ma zai yi ƙarya, ragewa zai yi."

"To akwai duwatsu a aljihunsa. Mutumin da yake gaida buhu, me zai hana shi tara duwatsu? Baban Albarka, cire rigar nan."

"A gaban mutane?"

"Cire, mijina," in ji Lidiya. "Me ya saura da za a ɓoye?"

Mushe Haruna, wanda ya yi shekaru yana korar yara daga aji saboda maɓalli ɗaya a buɗe, ya dubi sama kamar mai neman gafara, ya kama wuyan rigar ya zare ta. Ya tsaya a kan ma'auni daga shi sai wando, mazagi yana lilo har gwiwa.

Har kajin gidan suka daina tono.

Bai kumbura kamar samarin Mai Nasara ba, shekarunsa sun wuce wannan. Furfura tana nan a ƙirji, fatar ciki ta ɗan saki inda tumbi ya tashi. Amma kafaɗun da Rifkatu ta sani a zube kamar na tulu sun miƙe sun yi faɗi. Daga wuya zuwa kafaɗa wata tsoka ta taso kamar saiwar gawo. Damatsan sun rabu gida-gida, jijiyoyi sun bi hannun har wuyan hannu, bayansa kuwa da ya juya don kunya, ya yi kwari a tsakiya da tudu biyu a gefe. Rifkatu ta zauna da mutumin nan tun yana Sillen Kara, ta san shi siriri, ta san shi da tumbi, ta ɗauka ta gama ganin duk abin da Allah zai iya yi da jikin nan. Ashe akwai wani mutum a ciki da bai taɓa fitowa ba, sai yanzu da furfura.

"Ikon Allah," in ji Maryama a hankali.

"Yaya," in ji Lidiya, "na fasa ɗaukar ki. Shi zan ɗauka."

"Tumbin ne ya hau sama?" Rifkatu ta tambaya, muryarta ƙasa-ƙasa.

"A'a," in ji Mushe, malanta ta motsa ko da ba riga. "Kitse ba ya zama tsoka. Ɗan haya ne ya fita, wani ya shigo. Na farkon ya baza kaya ya cika gida. Na biyun ba ya cin wuri, amma kayansa nauyi gare su. Shi ya sa riga ta ce na tafi, ma'auni ya ce ina nan."

Ba sai ya ƙara ba. Ta yi shekaru a bakin tukunya, ta san kitse shi yake tasowa ya bazu a kan miya, tsoka kuwa ta nutse ƙasa ta zauna. Ta san kwanon da aka cika da tsoka ya fi na kitse danne hannu. Abin da ba ta taɓa kawowa a ranta ba shi ne mutum ma haka yake, har mutum mai jikoki.

Mushe ya sauko daga ma'auni ya shigo ɗaki. Maryama da Ladi suka matso don su kama, ya ɗaga musu hannu.

"Tunda kin ce za ki tafi, ni zan kai ki mota."

"Ka yi mini alkawari."

"Na ce da wancan jikin. Kin gan shi a nan?"

Kafin ta sami amsa ya durƙusa, baya a miƙe, ya zura hannu ɗaya ƙarƙashin kafaɗunta, ɗaya ƙarƙashin gwiwoyi, ya jawo ta jikin ƙirjinsa. Ta runtse ido tana jiran ƙas ɗin nan da tabarma. Sai ta ji gado ya rabu da ita. Ba fizga, ba nishi. Ta tashi sama a hankali kamar guga daga rijiya a hannun wanda ya iya ja. Ƙafar da ta shanye, wadda kullum take lilo tana bugun ƙofa in ana ɗauke da ita, tana kwance lafiya a kan damtsensa. Ta sa hannunta mai lafiya ta dafa kafaɗarsa, ta matsa da yatsa, yatsa ya ƙi shiga.

"Ni ce buhun," in ji ta.

"Buhun ya fi ki da kwano biyu. Na sa a ƙara, don gardama ma nauyi gare ta."

Ya fito da ita tsakar gida, ya ratsa zaure, ya fita ƙofar gida inda motar take. Masu wucewa suka tsaya. Wani mai kabu-kabu ya kusa shiga kwata. Rifkatu ta ɓoye fuska a wuyansa, tana jin kunya irin wadda rabonta da ita tun ranar da aka kawo ta gidan nan, tana kuma jin bugun zuciyarsa a natse, kamar ba komai ya ɗauka ba. Kassim ya ruga ya buɗe ƙofar mota.

"To, Maman Albarka," in ji Mushe. "A ina zan ajiye ki?"

Ta dubi kujerar motar. Ta dubi hanyar Tirmini. Ta dubi zauren gidanta.

"Ba ka gaji ba?"

"Ko kaɗan."

"To mayar da ni ciki. Amma ka bi da ni ta bayan ɗaki, in ga zogalena. Tun da na kwanta ban san halin da kuka sa shi ba."

Ya juya da ita. Lidiya ta bi su a baya tana kwance ƙullin kaya tana mita, wai an sa ta ƙona mai a banza, kuma ko ruwa ba a ba ta ba. Zogalen yana nan, ya yi tsawo ya wuce katanga, ba wanda ya sare masa kai. Rifkatu ta yi faɗa a kan wannan tun daga bayan ɗaki har ƙofa, Mushe yana cewa to, to. Ya shiga da ita, ya kwantar da ita a kujera a hankali, ya gyara mata ƙafa, ya ja zani ya rufe gwiwa.

"Sannu," in ji shi.

"Yauwa," in ji ta. Ta daɗe tana kallon hannuwan nan. Sannan ta ce, "Sa rigarka, mutane suna kallo. Ka kuma miƙo mini ruwa. A babban kofi."